Suɗin Iska

Mantau maƙeri ya tsaga tano biyu a Jiratawa
kamar mai fafe ƙwarya,
ya kafa ɓari da ɓari a kan sanda tsaye,
kowane ya ba ɗan'uwansa baya.
Abar ba ta neman gabas, ba ta neman yamma,
duk inda iska ta ɓullo nan ne ƙofarta.

Ta farko ta Nomau ce, bakin rijiyarsa.
Ta biyu tawa, taki tara a bayanta,
daidai inda albasarsa ta ƙare, zogalena ya soma.

Tasa na juyi kamar mazari a hannun gwana.
Tawa sai ta yi rabi, ta tsaya tunani,
ta koma gyangyaɗi.
Famfonsa na ambaliya, nawa na tari.
Na ɗiga mai. Na canja boris.
Na je na zazzage Mantau gaban yaransa.
Bai ko ɗago daga walda ba:
ƙarfe ɗaya, wuta ɗaya, hannu ɗaya, Arzika,
je ka nemi laifin wani wuri.

Ran wata Talata, bazara na haɗa gumi,
Tsahara ƴar ƙanwata ta zo da faifai
cike da ƙaiƙayin hatsi.
Ta tsaya gaban ta Nomau, ta ɗaga, ta saki.

Ya shiga a miƙe kamar zaren ɗinki.
Ya fita a murɗe:
ƴan guguwa, wannan dama, waccan hagu,
sawun maciji a rairayin Gulbi,
bai ma bi tsakiya ba, ya karkace gefe guda
kamar jakin da kaya ya rinjaya.
Cikin wannan hargitsi ƙafar tawa take.
Ashe iska ma tana da inuwa.
Shekara guda cur ina cin suɗin Nomau.

Yarinya ta bi ƙaiƙayi da ƙafa tana ƙirge.
Taki shida, hauka yake.
Sha biyar, ya soma hankali.
A ashirin iskar sama ta sauko ta cike gurbin
yadda rijiya ke haɗe baki bayan an ciro guga.
Lambuna kuwa a sha uku ya tsaya.

Na kwana ina shirya ƙara.
Amma wa ya taɓa kai iska gaban mai gari?
Ina shaidu? Ina gambar da aka dasa mata iyaka?
Kakan wa ya sare ta?

Kawu, in ji Tsahara, ba gudu za ka yi ba.
Matso da ita. Kafaɗa da kafaɗa.
A kife ɓarin, ta riƙa juyi saɓanin tasa.
Ba ka ga lugude ba?
Taɓarya biyu, turmi ɗaya,
wannan na sauka, waccan na tashi.
Abin da ya matse tsakaninsu gudu zai ƙara,
kamar ruwa in kwata ta tsuke.

Ni da Nomau, tun rikicin tunkiyar da ta ci mini latas
sai dai ɗaga hannu daga nesa.
Ramin kuma dole a kan iyaka za a gina.
Na yi kwana huɗu ina tauna sallamar.
Da na furta, haƙoransa kawai na gani,
ya miƙo mini dagi.

Yanzu suna nan, ja da shuɗiya,
tsakaninsu ba ya wuce kwanciyar akuya.
Da dare ina jin su daga bukka,
ƙiƙ, ƙuƙ, ƙiƙ, ƙuƙ,
ɗaya na tambaya, ɗaya ba ta gama amsawa ba.

Wani lokaci iska kan sauya, ta biyo ta kudu,
tawa ta shiga gaba, tasa ta hau tari.
Sai in ga hularsa ta leƙo ta saman zogale.
Ba ya cewa kome.
Ni ma sai in kau da kai,
in ture ƙasar bakin kwata da dunduniya
ruwan ya gangara.